Me za mu kira "Aadu Puli Aattam" da Hausa?

Mai tambaya: Jama'a, ina neman sunan Hausa ga wannan wasa na kudancin Indiya. Da yaren Tamil, aadu akuya ce, puli damisar nan mai zane-zane, aattam kuma wasa. Masu yaren Telugu suna ce masa puli meka. Mutum 2 ke yi: ɗaya da damisa 3, ɗaya da awaki 15. Yara da iyaye suna iya zama a kansa, amma sunan ba ya zama a bakin Bahaushe. Na ga an rubuta "wasan allo na akuya", bai kwanta mini ba.

Amsa ta farko: Malam, allo na makaranta ne, a bar shi can. Muna da dara. Duk wasan da ake zana gidaje a ƙasa ana tura 'ya'ya, Bahaushe dara zai kira shi. Ni "kura da awaki" na fi so, don kowa ya san tsakaninsu.

Amsa ta biyu: Yaya, dara na yarda, kura ce ban yarda ba. Kurar tatsuniya sakarai ce mai kwaɗayi, ita kuwa wannan dabba kwanton ɓauna take yi. Ku dubi yadda ake wasan. Daga ɗigo ɗaya a sama za ka ja layi 4 su bazu zuwa ƙasa, ka haɗa ƙarshensu da layi. Sai ka gitta layi 3 a kwance, kowanne ya zarce hagu da dama, ka rufe bakinsu da layi a tsaye. Mahaɗar layukan su ne gidaje: 1 a ƙoli, 6 sau 3, sai 4 a gindi, 23 ke nan. In lissafinka bai kai ba, galibi layi 3 ka ja daga sama maimakon 4.

Damisa ɗaya tana ƙoli, biyu a gidajen tsakiya na layin da ke bi masa. Mai awaki ke farawa, yana sa akuya ɗaya a kowane zagaye, kuma babu wadda za ta motsa sai duk 15 sun sauka. Nan 'yan dara suke tuntuɓe: a tamu dara kowa sai ya gama jera nasa, a nan kuwa damisa tana yawo tana ci tun akuyar farko. Cin nata tsallake ne, a kan layi miƙaƙƙe, zuwa gidan da babu kowa. Akuya ba ta ci, ba ta tsallake. Nasararta ta toshe damisa ukun har su rasa inda za su taka.

Amsa ta uku: Ƙari kan wannan, mai awaki ya fara da kusurwoyi, don ba a iya tsallake su, sannan kowace akuya ta samu 'yar'uwa a bayanta. Wadda aka yar a tsakiya bayanta wayam, ta tafi. In duka suka sauka ba a ci ko ɗaya ba, gida 5 kacal ya rage, damisa ta shiga uku. A kuma yanke tun farko awaki nawa za a ci wasa ya ƙare, don wasu 5 suke ɗauka, wasu 6. Rashin yin haka ke kawo musu a tsakar gida. 'Ya'yan tsamiya 15 da marfin kwalba 3 sun wadatar.

Batun suna, wani zai ce tamu damisar dabbare-dabbare gare ta, ta Indiya zane-zane. Gaskiya ne, amma kafafen labarai na Hausa damisa suke kiran dukansu, kuma sa kura zai ɓatar da asalin wasan.

Mai tambaya: Madalla, na gode. Mun tsaya a "darar damisa". Wanda zai rubuta shi karon farko ya ce "darar damisa da awaki ta Indiya", don kada a zaci tamu ce mai gida 30 da 'ya'ya 12 kowane ɓangare. Sauran kalmomin: gida, sauke awaki, tsallake, ci, toshewa.