Tun rasuwar maigidana na kasa addu'a, na kuma daina zuwa sujada. Ina neman shawara

Mai tambaya:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina roƙo a sakaya sunana. Bara maigidana ya rasu bayan doguwar jinya, ya bar ni da yara ƙanana. Duk tsawon jinyar nan babu irin roƙon da ban yi wa Allah ba. Na yi azumi, na kwana ina addu'a a gefen gadonsa, na riƙe alkawaran Littafi Mai Tsarki da hannu biyu. Na sa rai ƙwarai zai tashi, amma bai tashi ba.

Makonnin farko 'yan ikilisiyarmu sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Daga baya ƙafa ta ɗauke, kowa ya koma harkarsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata mata da nake ganin girmanta ta tare ni a bakin ƙofar majami'a bayan sujada, ta riƙe hannuna, ta ce wai da bangaskiyata ta kai, da Allah ya tashe shi. Tun daga ranar ban sake taka majami'a ba.

Yanzu wa'azi nake saurara a waya ranar Lahadi. In na durƙusa zan yi addu'a sai bakina ya yi nauyi, in tashi ban ce komai ba. Ban daina gaskata akwai Allah ba, amma dogarar da nake da ita gare shi ta tafi. Babbar 'yata kullum tana tambayata me ya sa ba ma zuwa.

Mutum zai iya riƙe bangaskiyarsa shi kaɗai a ɗaki har ya warke, sannan ya koma cikin mutane? In kuma na koma alhali ba na jin komai a zuciyata, ba munafunci na yi ba?

Wata uwa, gwauruwa ita ma:

'Yata, sannu. Allah ya ta'azantar da ke, ya raya abin da aka bari. Na bi wannan hanyar shekaru da yawa da suka wuce, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Nauyin bakin nan na san shi. Ni ma na yi zamanin da in aka ce a rufe ido a yi addu'a, ido kawai nake rufewa. Wadda Allah ya riƙe ni ta hannunta wata tsohuwa ce a zumuntar mata. Kowace Lahadi da safe sai ta biyo ta gidana, ta tsaya a bakin ƙofa da littafin waƙoƙinta a hammata, ta ce, "Ina jiranki." Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba. A majami'a can baya muke zama kusa da ƙofa, don in kuka ya ci ƙarfina in fita ba wanda ya lura. In aka ta da waƙa ita ke rerawa, ta matso mini da littafin tana bin layin da yatsa, ni kuwa ina tsaye ina kallo. In ta yi addu'a, nawa amin ne kawai. Na daɗe a kan amin ɗin nan kafin bakina ya buɗe.

Ki karanta Markus sura 2. Shanyayyen da aka kawo wa Yesu a Kafarnahum ba da ƙafarsa ya zo ba. Mutum huɗu ne suka ɗauko shi, suka tarar gida ya cika maƙil har bakin ƙofa, suka hau sama suka buɗe rufin, suka zuro shi da shimfiɗarsa. Aya ta 5 ta ce Yesu ya ga bangaskiyarsu. Shi mutumin ko kalma ɗaya ba a rubuta ya faɗa ba. Akwai lokacin da mai bi ke kwance a kan shimfiɗar nan, kuma ba abin kunya ba ne a ɗauke shi. Kada ki jira sai kin warke tukuna. Ni da na jira, ban san ko da na koma ba.

Wani saurayi:

Mama, ki yi haƙuri da rashin da aka yi. Amma gaskiya ɗaya ce, Ibraniyawa 10:25 ta hana mu barin taruwa. Wa'azin waya ba zai zama sujada ba. Ki yafe wa matar nan ki koma, Shaiɗan ne ke son ware ki.

Wani dattijon ikilisiya:

Ɗana, ayar da ka kawo gaskiya ce, amma ka faro daga aya ta 24. A can marubucin ya ce mu riƙa kula da juna, muna zuga juna ga ƙauna da aiki nagari, sannan ya ce kada mu bar taruwa, sai dai mu riƙa ƙarfafa juna. Nauyin yana wuyan masu zuwa kamar yadda yake wuyan wadda ta daina zuwa. Watanni ba a gan ta ba, wa ya tashi ya je? Zumunta a ƙafa take.

'Yata, maganar da aka faɗa miki a bakin ƙofa ba koyarwar Littafi Mai Tsarki ba ce, ki sauke ta daga kanki. Manzo Bulus sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi. Yana nan a 2 Korantiyawa 12. Shi ɗin dai da Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, a 2 Timoti 4:20 ya rubuta cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Wa zai ce bangaskiyar Bulus ce ba ta kai ba? Abokan Ayuba ma sun yi abin kirki da farko, kwana bakwai dare da rana suna zaune tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suka fara nema masa laifin da ya jawo masifar, nan suka ɓata. A sura ta 42 Allah ya ce wa Elifaz, ɗaya daga cikinsu, ya husata da shi da abokansa biyu, don ba su faɗi gaskiya game da Allah ba.

Sakaci da gwauraye kuwa tsohon ciwo ne. Ikilisiyar farko a Urushalima, wadda muke yabo don suna raba abin hannunsu da juna, ita ma ta yi shi. A Ayyukan Manzanni 6, Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce musu su yi shiru ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, aka danƙa musu aikin. Gyaran ya zo ne don an faɗa. Na yi shekaru cikin majalisar dattawa, kuma sau da yawa abin da nake gani shi ne shugabanni na ganin kujera babu kowa, su ɗauka mai makoki na son a bar shi ya huta. Ki sami fastonku ko dattijo guda da kika amince da shi, ki faɗa masa abin da kika faɗa mana, har da maganar matar nan. Gobe wata za ta yi rashi, kada a maimaita mata.

Wata ma'aikaciyar jinya:

'Yar'uwa, kina samun barci? Kina iya cin abinci? Wanda ya yi doguwar jinyar wani yakan fito a gajiye, jiki da zuciya, kuma gajiyar kan hana mutum tattara hankali ko da a addu'a ne. In rashin barci ya daɗe, ko kin kasa kula da kanki da yara, ko tunanin gara mutuwa yana zuwa miki, ki ga likita ba tare da ɓata lokaci ba, ki kuma gaya wa wani na kusa. Ganin likita ba ya rage bangaskiya. Annabi Iliya da ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa, barci da ci da sha aka fara ba shi kafin Allah ya yi masa magana a Horeb.

Mai tambaya:

Na gode Mama, na gode Baba, maganarku ta sa ni hawaye. Barci ina samu kaɗan kaɗan. Amma akwai abin da ban faɗa ba. Haushin Allah nake ji. Ta yaya zan tsaya cikin mutane ana waƙar amincinsa, ni kuwa a zuciyata ina tambayarsa ina yake lokacin da nake kiransa?

Wani malamin nazarin Littafi Mai Tsarki:

'Yar'uwa, tambayar nan ba ke kika fara yi ba. Marta ta tarbi Yesu a hanya ta ce masa da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba. Maryamu ta zo ta faɗi a gabansa ta maimaita maganar. Bai tsawata wa kowace ba, ya yi hawaye tare da su. Zabura 88 daga farko har ƙarshe kuka ce, da duhu ma ta ƙare, kuma tana cikin littafin waƙoƙin sujadar Isra'ila. Munafuki shi ne mai nuna abin da ba shi da shi don a yabe shi. Ke kuwa ga shi kin faɗi halin da kike ciki a fili.

Wanda nake so ki duba sosai shi ne Toma, a Yohanna 20. Ranar da Yesu ya fara bayyana ga almajirai a ɗaki, ba ya nan. Suka ce masa sun ga Ubangiji, ya ce atafau ba zai gaskata ba sai ya sa yatsa a gurbin ƙusoshin. Bayan kwana takwas yana tare da su a ɗakin. Mako guda ke nan yana zaune cikin mutanen da ke murna da abin da shi bai yarda da shi ba. Bai janye jiki ba, su ma ba su kore shi ba, kuma a cikinsu Yesu ya same shi. Ba don haka ba ne wasiƙar Yahuza ta ce a ji tausayin masu shakka?

Sai dai ban ce ki fara da taron Lahadi ba in ya yi miki yawa. A babban taro kowa "lafiya lau" yake amsawa. A 1742 mabiyan John Wesley, mai wa'azin da ya kafa ɗarikar Methodist, a Bristol ta Ingila suna da bashin ɗakin taronsu, sai aka kasa su ƙungiya ƙungiya, kamar mutum goma sha biyu kowace, da shugaban da zai riƙa karɓar peni ɗaya a mako daga kowa. Da shugabannin suka fara bi gida gida, sai suka riƙa tarar da marar lafiya, da wanda ya koma shan giya, da wanda ya karaya, duk ba wanda ya sani. Abin da aka fara don biyan bashi ya zama taron mako mako inda ake tambayar kowa halin da ransa yake ciki. Irin wannan kike bukata yanzu: mutum biyu ko uku da za ki iya ce musu "yau haushin Allah nake ji" ba tare da sun zabura ba. In addu'a ta gagara, ki ɗauki ta mahaifin yaron nan a Markus 9:24, wanda ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Gajeriya ce, kuma Yesu ya warkar masa da ɗansa.

Wani magidanci:

Ni zan ɗan saɓa. Kowa na cewa ta koma, amma ba kowane wuri ake komawa ba. In maganar nan ta mutum ɗaya ce, to a bi shawarar Baba. In kuwa daga bagadi ake koyar da cewa duk wanda bai warke ba bangaskiyarsa ce ta gaza, ciwon zai riƙa sabunta kowace Lahadi. Mu da iyalina mun taɓa barin irin wannan wurin bayan mun yi magana ba a ji ba, muka koma wata ikilisiya da ke koyar da Maganar Allah yadda take. Ba mu fita da faɗa ba, har yau muna gaisawa.

Sannan 'yar'uwa, ko ina kika je mutane za su gaza wata rana. A Getsamani Yesu ya roƙi Bitrus da Yakubu da Yohanna su zauna a faɗake tare da shi, suka yi barci. A 2 Timoti 4 Bulus ya ce ranar da ya fara kāre kansa a gaban shari'a ba wanda ya tsaya masa, Ubangiji ne ya tsaya. Amma a wannan surar dai yana roƙon Timoti ya yi sauri ya zo kafin lokacin sanyi, ya taho da Markus, ya kawo masa mayafinsa da littattafansa. Mutane sun yashe shi, ya ce kada a ɗora musu laifin, ya kuma sake aika a kira masa mutane.

Wata malamar makarantar Lahadi:

Yaya, maganar yaran ce ta tsaya mini. Su ma sun yi rashi, kuma yanzu sun rasa abokansu da malamansu a kan rashin uba. Ko ke ba ki shirya ba, ki bar wata da kika yarda da ita ta riƙa biyowa tana tafiya da su. In babbar ta sake tambaya, ki gaya mata gaskiya daidai hankalinta: Mama tana baƙin ciki, tana neman ƙarfi, za mu koma.

Cikin waɗanda suka zo a makonnin farko, ki tuna wadda ta fi zama shiru tare da ke, ko wadda ta kama aikin gida ba a sa ta ba. Ita za ki aika wa saƙo. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki ce mata kawai, "Na kasa addu'a, ki zo ki yi mini." Mutane da yawa suna so su zo, tsoron kada su fama miki ciwo ne ya hana su. In ta zo, ki roƙe ta ta riƙa zuwa rana ɗaya tsayayya a mako, don in aka bar shi a "sai na leƙo" ba za a leƙo ba.