Malamai masu ziyara za su zo mana, me za mu sa su yi?

Malamar Rabin Aji: Salamu alaikum. Ina koyar da ƙananan yara a wata unguwa can bayan garin Daura. Zaman tabarma muke, allonmu ɗaya duk ya koɗe. Ɗaliban kwalejin ilimi za su riƙa zuwa taya mu. Ta ina za su fara?

Bakatsine: Wa alaikumus salam, Malama. Kada su ɓige da rera ABCD kawai. Su kasa yaran kashi-kashi, a yi ƙirge da marafen kwalba da ƙwallon dabino. Kuma da Hausa, don Allah.

Inna Mai Ƙosai: 'Yata, su fara gaida mai unguwa da iyaye tukuna. In ba haka ba, ranar kasuwa ajin wayam, an tafi talla.

Malamar Rabin Aji: Wallahi Inna kin sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Gobe zan je wurin mai unguwa.