Shekara 19 ina waƙa, amma har yau da waƙar ƙuruciya ake kirana

Baban Ummi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta shawarwarin da ake ba mutane a nan, yau abin ya zo kaina. Ba zan faɗi sunan da aka san ni da shi ba, ku yi mini uzuri.

Ni mawaƙi ne. Na fara shiga situdiyo a Kano a 2006, lokacin ana cinikin waƙa a kaset da CD, kafin memori ya zo ya karya kasuwar. A 2008 na yi wata waƙar biki ta habaicin kishiya. A cikinta akwai baiti biyu da yau ba zan iya maimaita su a gaban 'ya'yana ba. Waƙar ta tashi ƙwarai. Da kuɗinta na sayi fili, da kuɗinta na biya wa mahaifiyata kujerar Makka, kuma tun daga nan sunan waƙar ya zama laƙabina.

Bayanta na yi waƙoƙi sun haura ɗari biyu. Na yi na siyasa a 2011 da 2015, na yi kan shaye-shaye, na yi kan almajirai da mutuwar aure. Shekara shida ke nan rabona da wasan biki na dare. Sai bara wasu yara suka tono tsohuwar nan suka ɗora a TikTok, 'yan mata na rawa da daidai baiti biyun da nake jin kunya.

Yanzu an zo neman auren 'yata ta fari. Yaron kirki ne, amma da danginsa suka yi bincike, wani baffansa ya ce shi ba zai haɗa iri da "mai waƙar nan" ba. Ba a fasa ba, an dai ce a dakata. Yarinyar ba ta ce mini komai ba, uwarta ce ta gaya mini kwana biyu ba ta cin abincin kirki.

Abin da ke raina shi ne in goge duk tsofaffin waƙoƙina daga YouTube, in sauya suna, in koma bege kaɗai. Wani abokina kuma ya ce in yi bidiyo in nemi afuwar jama'a. Don Allah wanda ya san harkar nan ya ba ni shawara.

Dattijon Funtuwa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na girme ka nesa, kuma a garin da Alhaji Mamman Shata ya zauna na tashi, don haka bari in ba ka abin da idona ya gani.

Yau in ka ambaci Shata, Dokta ake cewa, ana jijjiga kai. Da muna yara ba haka gidaje da yawa suke kallonsa ba. Tun farko mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba, don a wurinsa roƙo ne, bai dace da gidansu ba. Ya yi waƙar mashaya wadda kowa ya sani, ya yi zambo mai zafi ga waɗanda suka saɓa da shi. Akwai iyayen da in suka ji kalangunsa a rediyo sai su sa a kashe. Wannan mutumin dai shi ne ya ci zaɓen kansila a Kankiya a shekarun 1970, shi gwamnati ta ba lambar girmamawa ta ƙasa ta MON, shi Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988. Da ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, a Daura aka binne shi, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

Abin lura shi ne bai janye waƙa ko ɗaya ba, kuma ba yadda za a yi ya janye. Magana zarar bunu ce. Sai dai ya daɗe a fage, ya yi waƙar noma, ya yi ta sarakuna, ya yi ta sojoji da direbobi da talakan da ya yi masa alheri, har waccan ta mashaya ta zama ɗaya cikin tarin da ba a iya ƙirgawa. Kai shekararka 19 kacal. Shata ya haura hamsin yana yi.

Ban ce ka yi alfahari da baitin nan ba. Amma kada ka ɗauka da dare ɗaya za ka sauya abin da mutane ke gani in sun dube ka. Sauya suna kuwa ban goyi baya ba ko kaɗan. Wanda ya gudu daga sunansa, cewa za a yi akwai abin da ya fi waƙar muni da yake ɓoyewa.

Maman Walid:

Baban Ummi, ni duk maganar YouTube ba ita ta dame ni ba. Yarinya ba ta cin abinci, kai kuma ba ka zauna da ita ba, ta bakin uwarta kake ji. Na san akwai kunyar 'yar fari, amma wannan ba lokacinta ba ne. Ka kira ta, uwarta na zaune, ka gaya mata da bakinka cewa ka yi waƙar kana saurayi-saurayi, ka yi nadamar baitin nan, kuma ba laifinta a ciki. Wallahi abin da ke cin yarinya a irin wannan hali shi ne ta rasa wa za ta yi fushi da shi, ubanta ko dangin saurayi, sai ta haɗiye.

Sannan mu mata mun san wannan labarin tun a kan Barmani Choge. Tana raye, maza da yawa ba sa so a ce matansu sun je wurin kiɗan ƙwaryarta, don bakinta ba ya taunar magana. Amma mu da muke cikin gida mun san ita ce ke gaya wa mace ta tashi ta kama sana'a kada ta zauna jiran miji. Da ta rasu a 2013, da wannan aka fi tuna ta, har ɗalibai na rubutu a kanta a jami'o'i. Waƙoƙin ba su sauya ba, kunnen masu ji ne ya sauya.

Mai Situdiyo:

Yaya, ni aikina ke nan, shekara goma sha huɗu ina haɗa sauti a Zoo Road a Kano. Gaskiya ɗaya ce: gogewa ba za ta kawar da waƙar ba. Tana cikin kwamfutar kowane mai tura waƙa a bakin kasuwa, tana cikin wayoyi daga nan har Maradi da Damagaram. In ka cire ta daga shafinka, wasu goma za su ɗora, su riƙa cin kuɗin da kai ya kamata ka ci. Kuma ka fara bincika ko ma kai ke da ita. A 2008 yawancin mawaƙa sayar da waƙa suke yi gaba ɗaya ga furodusa ko ɗan kasuwa, ba takarda ba komai.

Abin da na ga ya yi wa wasu aiki shi ne sake rerawa. Ka ɗauki karin nan da mutane ke so, ka cire baiti biyun, ka sa wasu, ka fitar da ita da sauti mai kyau. Masu kiɗan biki sun fi son sauti mai tsabta, da kansu za su koma wa sabuwar.

Maganar bege kuma, ka yi a hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sha'irai suna da malamansu da zawiyoyinsu da masu sauraronsu, kuma suna gane wanda ya shigo don so da wanda ya shigo don kasuwarsa ta mutu. In ka fitar da ƙasida a watan da ake maganar auren 'yarka, baffan nan shi zai fara cewa don su ka yi.

Abu Hafsat:

Ina girmama Baba na Funtuwa da Mai Situdiyo, amma akwai gefen da ba a taɓa ba. Duk maganar ta tafi kan yadda mutane ke kallonka. Ɗan'uwa, kafin baffan yaro akwai Allah.

Malamai sun yi saɓani kan kiɗa, ba zan buɗe wannan a nan ba. Amma batsa ba saɓani a kanta, kai ma da kanka ka ce ba za ka iya maimaita baitin a gaban 'ya'yanka ba. Sharuɗɗan tuba sanannu ne: dainawa, nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. To in waƙar tana shafinka, kuɗinta na shigo maka duk wata, dainawar ba ta cika ba. Cewa wasu za su ɗora ba hujja ba ce. Kai dai ka cire abin da ke hannunka, nasu kuma yana wuyansu. Ba duka ɗari biyun ba, waccan ɗin da duk mai kama da ita.

Bidiyon neman afuwa ban ga buƙatarsa ba. Tuba tsakaninka da Ubangijinka ne, kuma ya zo a hadisi cewa wanda ya tuba daga zunubi kamar wanda ba shi da zunubi ne. In an tambaye ka a hira, ka faɗi gaskiya a taƙaice. Ya isa.

Ɗan Bukuru:

Kan bidiyon na yarda da Malam. Mu matasa in muka ga mutum na kuka yana neman afuwa kan waƙa, abin da za mu fara yi shi ne neman waƙar. Wanda bai san ta ba ma zai sani.

Kan suna kuma, ku dubi Yusuf Islam na Ingila. Ya musulunta a 1977, ya ajiye sunan Cat Stevens, ya bar waƙar zamani kusan shekara talatin. Da ya dawo a 2006 tsohon sunan na nan na jiransa, yanzu da duka biyun yake amfani. In Bature da ya sauya addini bai tsere wa sunansa ba, ina ga wanda ke zaune a unguwar da aka san kakansa?

Ni abin da zan ƙara, Baban Ummi, ka kula da waƙar siyasa fiye da ta kishiya. Rarara ya shekara takwas ana kiransa mawaƙin Buhari, a 2023 ya fito ya soki mulkin Buharin, har yau ana jefa masa wannan. A garinmu kuwa Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa ya fi yi wa karen mota da ma'aurata da talaka waƙa, shi ya sa da ya rasu a 2015 kowane ɓangare ya ji nasa ne ya tafi. Waƙoƙinka na shaye-shaye da almajirai, su ya kamata ka tura gaba. Ka yanka su gajeru ka ɗora inda yaran nan suke.

Maman Walid:

Af, na manta. Kada ka je wurin baffan nan da kanka. Ka tura manya.

Baban Ummi:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na karanta kowanne sau biyu.

Hajiya, jiya bayan isha'i na zauna da Ummi da mahaifiyarta. Ashe tun tana aji biyu na sakandare 'yan ajinsu ke rera mata baitin nan in ta wuce, ba ta taɓa faɗa ba don kada raina ya ɓaci. Wannan ya fi maganar baffan yi mini ciwo.

Malam, na cire waƙar daga shafina da asuba, da wasu uku. Mai Situdiyo, gaskiyarka, na sayar da ita tun 2008, don haka sai na nemo magadan mutumin da ya saye ta kafin in sake rerawa, shi ya rasu. Suna na bar shi yadda yake. Bege kuma zan ci gaba da zuwa karatu, in lokacinsa ya yi zan yi.

Kawuna da limamin unguwarmu za su je gidan su yaron ranar Asabar. Baba na Funtuwa, in ba damuwa ina so in kira ka kafin su tafi, akwai abin da zan tambaye ka kan yadda za su buɗe maganar.

Dattijon Funtuwa:

Kira ni bayan la'asar, ɗana. Ka gaya wa kawun naka ya tafi da goro, kuma ya bar baffan ya gama faɗin duk abin da ke ransa kafin kowa ya amsa.