Wa ya san dajin Periyar na Kerala? Ina son kai Baba ya sha iska

Ɗan_Fagge: Salam jama'a. Ina birnin Kochi na jihar Kerala a Indiya wata na biyu kenan muna jinyar Baba, alhamdulillah jiki ya yi sauƙi har likita ya ce ya riƙa ɗan fita. Wani direban tasi ya ce mu je Periyar wai akwai giwaye da taiga, amma kuma ya ce akwai babban ɗakin bautar Hindu a cikin dajin, to ni abin ya ɗaure min kai, gandun namun daji ne kamar Yankari ko wurin ibadarsu ne? Kar in kwashi tsoho awa huɗu a mota mu faɗa inda bai kamata ba.

Sadiq_Madurai: Wa'alaikas salam, Allah ƙara wa Baba lafiya. Duka biyun ne, amma ƙofofin daban. Ku Thekkady za ku nufa, kusa da garin Kumily, a sa ku a jirgin ruwa a zaga tafkin da dam ɗin Mullaperiyar ya tara tun 1895, har yanzu kututturan bishiyoyin da ruwa ya cinye suna tsaye a tsakiya tsuntsaye na sauka a kai. Mun ga giwaye da ɓaunarsu da suke kira gaur, taiga kam kada ka sa rai, ni ko sawunta ban gani ba duk da tun 1978 aka ware dajin dominta. Ku kama jirgin sassafe. Kuma ka riƙe ledar biskit da kyau, biran wurin ba su da kunya ko kaɗan, a hannuna ɗaya ya fizge.

Malam_Habu: Ɗana, ɗakin bautar da direban yake nufi Sabarimala ne, can wani ɓangaren a kan dutse, daga kogin Pamba ake hawa da ƙafa. Ayyappan suke bauta wa a wurin, kuma a tatsuniyarsu an aike shi daji ya samo nonon taiga sai ga shi ya dawo a kan bayanta, shi ya sa za ka ga hotonsa bisa taiga a gilashin motoci. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu mutane miliyoyi ke zuwa, maza sanye da baƙaƙen kaya ba takalmi, bayan sun yi kwana 41 ba nama ba kusantar iyali, kowa da ƙunshi a ka, sai mai ƙunshin nan ake bari ya taka matakala 18 na ƙarshe. Abin da ya ban mamaki, da yawansu sai sun fara biyawa ta masallacin Vavar a garin Erumeli, wai Musulmi ne abokin Ayyappan. Allah ya bar mu a kan shiriya, amma na ga abin da idona.

Maman_Ilham: Ba nan ne aka yi ta rigima kan mata ba? A 2018 kotun ƙolin Indiya ta ce a bar mata 'yan shekara 10 zuwa 50 su shiga, gari ya hargitse da zanga-zanga. Ni dai tausayin dabbobin nake ji wallahi, wannan taro a cikin daji ai sai shara, har sai da aka hana shiga da leda.

Sadiq_Madurai: Nan ne Hajiya. Kuma Ɗan_Fagge ka duba wata, in lokacin ziyararsu ne hanyoyin yankin cunkushewa suke, a Janairun 2011 turmutsutsu ya kashe mutum sama da 100 a Pulmedu suna dawowa. Kar ka yarda a sa Baba tafiyar ƙafa cikin daji, in damina ce matsattsaku har cikin safa suke shiga.

Ɗan_Fagge: Na gode ƙwarai Malam, na gode Sadiq. Jirgin ruwan kawai za mu yi mu kwana Kumily. Baba ya ji ana noman masoro a can ya ce sai ya yi wa Hajiya tsaraba, akwai wanda ya san ko ana barin sa a jaka a filin jirgi?