Kunun gyaɗa kafin aikin rage tumbi?

Maman Khalifa: Salam 'yan uwa. Saura kwana 10 a yi min aikin rage tumbi, wato tiyatar rage girman jakar abinci ta cikin ciki don rage ƙiba. Likita ya ce sati biyu sai abin sha. Yau kwana huɗu, kaina kamar ya tsage, ga ƙamshin miyar kukar yara. Kunun gyaɗa fa, ai ruwa ne ko?

Hajiya Babba: A'a 'yata, akwai shinkafa da sukari ciki. So ake hantarki ta rage kitse, likita ya samu hanyar kaiwa tumbin.

Ummin Sadiq: Ni romon kaza na riƙa sha, in kwashe man. Girki kuwa ƙanwata na sakar wa, wallahi ba zan iya ba.

Hajiya Babba: Kina shan maganin suga? Kira likitanki yau, kada jiri ya kayar da ke.

Maman Khalifa: Ina sha, Hajiya. Bari in kira shi.