Wa ya taɓa gyara tsohon gidan ƙasa na gado? A ba mu labari

Jikan Mai Zaure, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Gidanmu na gado yana cikin ganuwa, kakan babanmu ne ya gina shi: zaure mai ɗaurin guga, wato rufin ƙasa mai lanƙwasa kamar baka, da shigifa, da soro biyu a ciki. Daminar bara bangon gabas na zauren ya tsage tun daga rawani, wato bakin bangon da ya ɗara rufi, har kusan ƙasa, tsagar da hannun yaro zai shige. Yayyena biyu sun ce a rushe kawai a zuba bulo a fitar da shaguna. Ni kuma raina bai ba ni ba, don a zauren nan aka ɗaura auren iyayenmu. Wanda ya taɓa shiga irin wannan aiki ya taimaka ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa, daɗi da wuya.

Hajiyar Birnin Zariya

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, kada ka bari kowa ya shafa wa bangon nan siminti. Da kuɗinmu muka sayi wannan darasi. Da maigidana ya yi ritaya sai ya ce zai hutar da mu yaɓen shekara-shekara, ya sa aka buga ƙusoshi a jikin bango, aka ɗaura waya, aka yi filasta aka shafa fenti. Shekara biyu gida ya yi kyau har maƙwabta na zuwa kallo. A ta uku, in ka ƙwanƙwasa bangon sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Ashe ruwa ya samu hanya ta 'yar tsaga a sama, yana gangarawa tsakanin siminti da ƙasa, ba shi da mafita. Ƙasa in ta jiƙe rana da iska ke busar da ita, to mun rufe mata fuska. Wata asuba muka ji rugum, filasta ta zubo falle guda kamar ƙofa, bayanta kuwa tubalin ya zama kunu, kana iya kwasa da hannu. Allah ya kiyaye, jikokina a nan gindin suke wasa da rana. Sai da muka kankare simintin gaba ɗaya, bango ya sha iska rani guda, sannan aka sake yaɓe da ƙasa. Kuɗin kankarewa kaɗai ya kusa kai na filastar.

Ɗan Magini

Hajiya ta gama magana. Ni a hannun mahaifina na tashi, tun ina miƙa tubali har na fara hawa bango. Malam, tsagar da kake gani ba a nan ciwon yake ba. Baba ya kan ce ginin ƙasa hula da takalmi yake so: sama kada ruwa ya zauna, ƙasa kada ruwa ya kwanta. Hau rufin ka duba indararo. Sau da yawa za ka tarar ganye da leda sun toshe shi, ko ya gajarta yana zubar da ruwa a jikin bango maimakon ya watsa shi nesa. Daga nan ka sauko ka dubi gindin bangon, ko ruwan lungu ya cinye shi ya yi kogo. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi kowanne shan duka.

Sai azara. Ka samu ƙusa doguwa ka soki bakin kowace azara inda ta shige cikin bango, don a nan take fara ruɓewa, tsakiyarta tana nan garau tana yaudararka. In ƙusa ta nutse, a canza. Kuma a canza da ta giginya, namiji in an samu, don shi ya fi tauri, gara ba ta cika damunsa ba. Mun taɓa aikin wani gida, mai shi ya ga azara ta yi tsada ya sayo katako a kasuwa, damina uku gara ta mayar da shi gari. A ɗaurin guga kuwa a bi a hankali, don bakan gizon nan azara ce aka jera gaba-gaba aka ɗaure, aka lulluɓe da ƙasa, kowace tana riƙe da 'yar uwarta. Ba a zare ɗaya sai an tokare sauran.

Ƙasar yaɓe kuma ba a kwaɓa ta yau a shafa yau. Birji ake samowa, a zuba ciyawa da kashin doki, a tattake, a bar ta ta kwana ta kwana tana ruɓa, ana yayyafa ruwa ana juyawa. In ka ga magini ya kwaɓa da safe ya hau bango da hantsi, sallame shi. A sama a bi da makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ruwansa ke sa bango ya yi duhu-duhu ruwa na zamewa. Rufi kuma da laso, simintin gargajiya, ake shafe shi a da: katsi daga marina, gashin jima daga majema, da dafara, wani tsiro mai yauƙi. Katsin shi ne abin da ya kwanta a gindin karofi, wato ramin rini, a kwashe a busar a ƙona a daka. Yau marina ta ragu, ka ga na Ƙofar Mata ma ramuka nawa ne ke aiki, don haka sai ka yi odar katsi tun da wuri. Aikin duka na rani ne, a gama kafin ruwan farko.

Mai Shago a Bakin Kasuwa

Ni fa bari in zama baƙin cikin taro. Namu mun rushe, kuma ban yi nadama ba. Kowace shekara sai an tara kuɗin yaɓe, kowace shekara mutum biyu ne ke bayarwa cikin mu tara. Tsohuwarmu ba ta barci in hadari ya haɗu. Da wani ɓangare na babban masallacin Zariya ya rufta kan mutane suna sallar la'asar a watan Agusta na 2023, ita da kanta ta ce a fitar da ita daga ɗakin ƙasa. Abin da kawai nake kewa shi ne sanyin ɗakin a watan Afrilu. Yanzu ƙarƙashin kwano muke, in an ɗauke wuta sai tsakar gida.

Hajiyar Birnin Zariya

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, mun yi kuka ranar nan. Amma Alhaji ka tuna shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina masallacin nan tun wajejen 1830 da wani abu. Ginin da ya kusa shekara 190 a tsaye, ai ba a ce ƙasa ba ta da ƙarko ba. A nuna mini bulon da ya kai rabin haka.

Badamagare

Mu a Zinder mun ga namu. Ruwan 2024 ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a watan Satumba, ginin da ke nan tun tsakiyar ƙarni na 19, muna ji muna gani. Bayan haka kowa ya koma yana duban bangon gidansa. Abin da na gano a namu shi ne titi ya fi gida tudu. Shekara da shekaru ana zuba ƙasa a lungu, maƙwabta kowa ya ɗaga daɓensa, sai zaurenmu ya koma rami, in za ka shiga sai ka sauka taki biyu. Ruwan unguwa duk a gindinmu yake taruwa. Ba mu taɓa bango ba sai da muka haƙa magudana, muka jera dutse a gindin bango har gwiwa, muka yi dakali. Dutse ba ya mana wuya a nan, garin kansa a kan duwatsu yake. Zanen fuskar gidan ne ya ba mu wahala. Tsohon da ya iya shi idonsa ya yi rauni, sai ya zauna a kujera da sanda yana nuna wa yaronsa, nan ka zurfafa, nan ka sassauta. Kwana tara suka yi a kan dagi ɗaya da abin da ke kewaye da shi. Ka ɗauki hoton kowane zane kafin a sa hannu, mu hoton bikin wata gwaggonmu ne ya cece mu, don a bayanta aka ga yadda ainihin zanen yake.

Autar Gida

Yaya, duk maganar ƙasa da azara mai sauƙi ce a kan maganar magada. Mu goma sha huɗu ne a namu. Na kashe abin da na tara na gyara soron kakarmu, da aka zo rabon gado aka yi wa gidan kuɗi da gyaran a ciki, aka raba da kowa, ko sisi ba a ware mini ba. Wai ai ba wanda ya sa ni. Ka tara su gaban wani babba na dangi, a rubuta wa ya ba da me, kowa ya sa hannu, kafin ka sayi ko kwandon birji ɗaya. Yayyenka masu son shaguna kuma kada ka yi musu gardama a kan tarihi, ba za su ji ba. Nemi inda za a fitar musu da shago ɗaya ta gefen da ba zaure, ka ga an rabu lafiya.

Mai Rawani daga Agadas

A wurinmu tun da UNESCO ta sa tsohon gari cikin kayan tarihin duniya a 2013, ba ka da ikon ka tashi ka canza fuskar gida yadda ka ga dama, kuma wasu na gunaguni a kan haka. Hasumiyar masallacinmu mita 27 ce, laka zalla, itatuwan da ke fitowa a jikinta su ne matakalar masu yaɓe. Ba a jira ta tsage kafin a hau. Haka muke yi wa gidan mahaifiyata: bayan kowace damina ni da ƙannena mu zagaya da kwano ɗaya na laka, duk inda ya zaizaye mu cike, yini guda mun gama. Amma gaskiya ruwanmu bai kai naku ba, kada in yi muku alfahari.

Ɗan Magini

Na manta ɗaya. Kafin ka kira kowa, shiga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa ka ɗaga kai ka kalli rufinsu da kyau, don idonka ya san yadda aikin ƙwarai yake. In magini ya zo, kai shi zauren ka yi shiru. Wanda ya fara tambayar ina ruwan rufin nan yake sauka, shi ne naka. Wanda ya fara lissafin buhun siminti, ba shi kuɗin mota.

Jikan Mai Zaure, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na ari tsani na hau. Indararon gabas babu shi ma sam, ashe ya karye tun ban san yaushe ba, sai guntun da ya rage a cikin rawani, ga gurbin da ruwa ya bi ya yi hanya daidai kan tsagar. Na soki azara goma sha ɗaya, uku sun nutse. Inna Hajiya, akwai filastar siminti a gindin bangon da wani kawunmu ya yi, na ƙwanƙwasa, ta amsa irin amsawar da kika faɗa. Auta, na kira babban yayanmu, mun sa ranar Juma'a bayan masallaci a gidan baffanmu, kuma zan tafi da takarda da biro. Malam Ɗan Magini, katsin da zai isa rufin zaure ɗaya, kamar buhu nawa zan nema?