Gyaran fentin da ya ɓare: faci ne ko ciko?

Jama'a, ku zo mu tsayar da magana kan abin da Bature ke kira "touch-up", wato gyara ɗan wurin da fentin mota ya ɓamɓare ko ya kuje, ba tare da an sake fesa motar gaba ɗaya ba.

A gareji za ka ji ana cewa "a yi mata faci". Kalmar ta zauna a baki, amma ni ba ta kwanta mini ba. Faci na taya ne da titi, kuma duk inda aka yi shi ido na ganinsa. Maho ma haka yake a jikin riga. Kwaskwarima kuwa ta yi faɗi, har wanki da sauya fitila sun shiga cikinta.

Ni zaɓina "cikon fenti". Ku dubi yadda ake aikin. Mai fenti zai bi wurin da samfefa har ya kai inda tsohon fentin ke riƙe gam, ya kankare tsatsa, in akwai lotsawa ya shafa fila ya goge. Sai fentin ƙasa mai kama ƙarfe, sai launi, sai ruwan sheƙin nan na sama. Gurbi ne aka cike har ya zo daidai da kewayensa, kamar cikon haƙori. In ka shafa hannu ka ji tudu, ba a gama ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne "colour matching", don abu biyu ne a ƙarƙashin suna ɗaya.

Na farko "haɗin launi". Kowace mota tana da lambar fentinta. A yawancin Toyota, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, wajen da aka rubuta C/TR: 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. To amma lambar nan launin ranar da motar ta bar masana'anta take ba ka. Motar da ta shekara goma tana shan ranar Kano ko Damagaram ta koɗe, musamman ja. Ga kuma tokumbo da aka taɓa sake wa fenti tun kafin ta iso hannunka. Shi ya sa ƙwararre ke ciro murfin tankin mai ya kai wa mai haɗi, a fesa gwaji a ɗan ƙarfe, a kara su a hasken rana, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba.

Na biyu "sajewa". Ko haɗi ya yi kyau, in aka tsayar da feshi cak a bakin ƙofa, layi zai fito. Sai an riƙa sassauta feshin yana shiga tsohon fenti a hankali har iyakar ta ɓace. Fari mai ƙyalli irin 070, da ake fesawa hawa uku, a nan yake wahalar da masu fenti. Na guji cewa "sajen launi" don kunne zai tafi ga sajen fuska. "Launin ya saje" ya wadatar.

Ruwan sheƙin sama ne har yanzu ban gamsu da sunansa ba, alhali shi ke fara salewa a rufi da bonet. Iyayen gidanmu masu fenti, da 'yan'uwa na Maraɗi da Yamai, me kuke ce masa a wurin aiki?